Tudun rairayi bai san iyakar gona ba

Garin Gure yana gabas da Damagaram, a bisa babbar hanyar kwalta wadda ta tashi daga Yamai ta nufi Difa. Tsakaninsa da Damagaram kamar kilomita 160 ne. Shi ne babban garin tsohuwar ƙasar Muniyo. Barebari, waɗanda ake kira Manga, suna da yawa a ƙasar. Akwai kuma Hausawa, da Fulani, da Tubawa, da Buzaye, da Larabawa. Wasu noma suke yi, wasu kiwo, da yawa kuma suna haɗa biyun. Ruwan sama kaɗan ne: kamar milimita 300 a shekara, kuma kusan dukansa cikin wata uku yake sauka, daga Yuli zuwa Satumba.

Baƙon da ya bi wannan hanya da rani zai ce babu komai a ƙasar sai rairayi da kalumbo. Amma in ya ratse, ya hau tudu, ya leƙa ƙasa, sai ya ga abin mamaki. Zai ga wani wuri mai zurfi kamar ƙwarya, kore shar, a tsakiyar tuddai. Wannan shi ne kwari. Akwai ɗaruruwan irinsa tsakanin Gidigir, da Gure, da Gudumariya, har Maine-Sorowa.

Kwari a tsare yake kamar faifai, zobe cikin zobe. Daga bakinsa akwai goriba, tana kewaye da shi kamar danga. Daga ciki sai dabino da garake. A nan ake noman rogo, da rake, da dankali, da albasa, da masara, da kabeji. A can tsakiya, inda ya fi zurfi, ƙasa takan yi fari, a nan ake ɗibar kanwa. Abin da ya sa kwari yake kore shi ne ruwa yana kusa. A wasu kwaruruka, in mutum ya haƙa rami gaba ɗaya ko gaba biyu, sai ya tarar da ruwa. Saboda haka ko damina ta yi gardama, hatsin tudu ya ƙone, mai garka ba ya kwana da yunwa. Yana da dabinon da zai sayar, yana da kaba ta saƙar tabarma da igiya, yana da kanwar da raƙuma da motoci za su ɗauka zuwa kasuwannin Najeriya. Kwari shi ne rumbu na biyu na mutanen Gure.

To, wannan rumbu ne rairayi yake cinyewa.

Yadda rairayi ya farka

Tuddan ƙasar Manga ba na jiya ba ne. Iska ce ta tara su tun shekaru dubbai da suka wuce, a wani zamani na babban fari. Da ruwa ya dawo, sai ciyawa da itatuwa suka rufe su, saiwoyi suka riƙe rairayin, ya kwanta kamar mai barci. Haka kakanni suka tarar da shi. Suna kiwo a bisansa, suna noma a gefensa, bai dame su ba.

Daga 1968 ruwa ya fara ja da baya. A 1973 aka yi babban fari a dukan ƙasashen Sahel, bisashe suka mutu ba iyaka. A 1984 aka sake yin wani. Ciyawa ta ƙare, itatuwa da yawa suka bushe a tsaye. Waɗanda suka rage kuma, yunwa ta sa aka sare su, aka sayar, ko aka karkaɗe ganyensu don awaki. Mutane kuma sun ƙaru, gonaki suka hau tuddai inda da can ba a noma. Da tudu ya rasa rigarsa, sai ya yi fari fat, ya fara tafiya.

Tafiyar rairayi ba kamar ta ƙura ba ce. Ƙura tana da sauƙi, iska takan ɗauke ta sama, ta zama hazo, ta kai ta har Kano, har bakin teku. Ƙwayar rairayi kuwa tana da nauyi. Tsalle take yi, ta faɗi, ta bugi wata ƙwaya, ita ma ta yi tsalle. Mafi yawansa ba ya wuce gwiwar mutum a tsayi. Shi ya sa mai tafiya a bisa tudu ranar iska yake jin kamar ana tsira masa allura a ƙwauri, fuskarsa kuwa lafiya. Da hunturu, iska daga gabas maso arewa take busowa, wata da watanni. Kowace rana tana kwashe rairayi daga bayan tudu, tana zuba shi a gabansa. Da haka tudu yake matsawa, taki bayan taki, har ya sauko cikin kwari. Goriba ce ta fara shan wahala. Sai a ga itacen da ya fi ɗaki tsawo ya nutse, kansa kaɗai ya rage a waje. Bayan goriba sai rijiya, bayan rijiya sai garka. Hanyar kwalta ma ba ta tsira ba, akwai wuraren da sai an kwashe rairayi kafin mota ta wuce.

Maƙwabcin da ke bisa iska

Ga wani abu da kowane manomi a Gure ya sani. Rairayin da ya binne garkar mutum, ba daga garkarsa ya taso ba. Daga wurin wani ya zo. Wanda filinsa yake gabas, ta inda iska ke fitowa, shi ke riƙe da lafiyar wanda yake yamma.

A ɗauki misali. Mutum yana da gona a bisa tudu. Bayan girbi ya tuge karan hatsi duka, har tushe, ya kai gida. Ya sassabe kalumbon da ke bakin gonar don ya yi rumfa. A ganinsa bai yi laifi ba, gonarsa ce, karansa ne. Amma ya bar ƙasa tsirara. Da hunturu ya kama, gonarsa ta tashi ta sauka cikin garkar maƙwabcinsa. Wani kuma yakan saki awakinsa da safe ba makiyayi, su shiga inda aka dasa ƙananan itatuwa, su cinye aikin wata shida cikin yini ɗaya. Wata takan zo da dare ta zare itacen shinge don ta hura wuta. Ba lalle mugunta ce ke sa su ba. Sau da yawa talauci ne, sau da yawa kuma rashin tunanin wanda ke bayan tudu.

Abin da ke ƙara dagula al'amarin shi ne kawaici. Mutumin ƙauye ba ya son ya kai ƙarar maƙwabcinsa, balle in suna da auratayya, ko in maƙwabcin ya girme shi. Yaro ba ya iya tsayawa gaban sa'an ubansa ya ce masa: «Baba, awakinku ne suka yi ɓarna.» Sai ya haɗiye, ya yi shiru. Kawaici hali ne mai kyau, amma rairayi ba ya jiran mai kawaici. Shirun shekara uku yakan ƙare da faɗan da ba wanda ya so. Shi ya sa masu hankali sukan aiki dattijo tun da wuri, ya je ya yi magana da maraice, bayan an gaisa an tambayi iyali, ba a gaban jama'a ba.

Akwai kuma maƙwabtaka tsakanin manomi da makiyayi, wadda ta fi kowace wuya. Ƙasar Gure tana daidai inda ƙasar noma ta haɗu da ƙasar kiwo. Tun 1961 gwamnatin Nijar ta yi doka, ta shata iyaka: arewa da ita wurin makiyaya ne, ba na manyan gonaki ba. Amma manoma sun ƙetare ta, wasu har sun nome burtali, hanyar da bisashe ke bi zuwa ruwa. Makiyaya kuma wasu sukan sauko kudu tun ba a gama girbi ba. Kowa yana ganin shi aka cuta. A 1993 aka kafa dokar filayen karkara, a 2010 aka ƙara wata ta musamman don kiwo. Bisa ga waɗannan dokoki, hukuma ce ke yanke ranar sakin gonaki kowace shekara. In an yi ɓarna, ba a fara zuwa wurin alƙali. Ana zuwa wurin mai gari, wanda Barebari ke kira bulama, ko wurin shugaban makiyaya. In abin ya fi ƙarfinsu, a wuce wurin sarkin ƙasa. In an shirya, a rubuta takarda, kowa ya sa hannu. Sai sulhu ya gagara ne ake zuwa kotu. An kuma kafa kwamitocin kula da filaye, masu auna ɓarna da shata burtali.

Yadda ake ɗaure tudu

Ana iya tsai da rairayi. Dabarar ba ta da wuya, ƙarfi da haƙuri take so.

Da rani ake farawa. A sari rassan kalumbo, ba a tuge tushensa, don ya sake tohowa. Inda goriba take da yawa, a yi amfani da busassun rassanta. A haƙa dogon rami a bisa tudu, a gicciye da hanyar iska, a jera rassan a ciki, a tsaye, a mai da rairayi a danne. Shingen yakan kai kusan tsayin mutum. Ba a cushe shi ya zama bango. In ya toshe ƙwarai, iska za ta kayar da shi, ko ta haƙe gindinsa. Ana so iska ta ratsa ta cikinsa, ƙarfinta ya ragu, ta zubar da rairayin da take ɗauke da shi. Bayan shingen farko sai a yi wasu a bayansa, a kuma yi waɗanda suka gitta su, har tudun ya rabu gida-gida kamar gurbin dara.

Shinge ba ya daɗewa. Gara takan ci shi, rana takan ruɓar da shi. Aikinsa kawai ya riƙe rairayi kafin mai rai ya karɓe shi. Saboda haka tun watan Afrilu ko Mayu ake renon itatuwa cikin ƴan jakunkunan roba, kusa da rijiya. In ruwa ya sauka sosai, ƙasa ta jiƙu, a dasa su cikin gidajen nan: dakwara mai ba da ƙaro, da kandili, da aduwa, da dirga. An kuma dasa wani baƙon itace mai ƙaya da ake kira furosofis, wanda aka kawo daga nahiyar Amurka. Yana jure fari, yana saurin girma, amma in ya sauka cikin kwari yakan mamaye wuri, ya zama wata masifar. Tsakanin itatuwa kuma a watsa irin ciyawa. Ƙarangiya, wadda yara ke zagi in ta kama musu wando, tana cikin ciyawar da ke fara rufe tudu.

Masana daga Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai sun yi awo a wani tudu da aka ɗaure a Cago, cikin ƙasar Gure. Sun ga cewa tun shekarar farko rairayin da ke wucewa ya ragu ƙwarai, ciyawa kuma ta dawo tsakanin shingaye. Dalili shi ne shinge ba rairayi kaɗai yake tarewa ba. Yana tare ƙura mai taki, yana tare ƙwayoyin iri da iska ke yawo da su.

Amma akwai sharaɗi. Dole a hana bisashe shiga har shekara biyu ko uku. Dole kuma a ɗaure tudun gaba ɗaya. In mutum goma sun yi nasu, na sha ɗaya ya bar nasa a buɗe, iska za ta bi ta ƙofar da ya bari, da ƙarfi fiye da da.

Maƙwabcin da ba ya nan

Aiki irin wannan da gayya ake yinsa. A zamanin Shugaba Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin samariya sun yi ayyukan gayya masu yawa a ƙauyuka. To, amma lokacin ɗaure tudu shi ne rani, kuma da rani ne ƙauye yake zama wayam. Da an gama girbi, samari da magidanta sukan ɗaure kaya su tafi biɗa. Wasu su nufi Kano ko Maiduguri ko Legas, wasu su bi ta Agadas da Dirku zuwa Libiya. Da can sukan dawo kafin shuka. Da amfanin gona ya ragu, sai tafiyar wata biyar ta zama ta shekara biyu, ta shekara uku. A 2011, da yaƙi ya ɓarke a Libiya, dubban ƴan Nijar suka dawo gida hannu wofi, da ƙura ta lafa kuma da yawansu suka sake komawa.

Waɗanda aka bari su ne tsofaffi, da mata, da yara. A nan kaɗaici yake shigowa. Kaɗaici ba a babban birni kawai ake yinsa ba. Tsohon da ya haifi maza huɗu, yana zaune shi kaɗai a bakin garka yana kallon tudu na matsowa, shi ma yana cikinsa. Abokan hirarsa wasu sun rasu, wasu sun bi ƴaƴansu gari. Amaryar da mijinta ya tafi wata biyu bayan biki tana cikin mutane, amma tana cikin kewa, ga ɗibar ruwa, ga itace, ga garka, ga kula da surukai. Dandali ya yi shiru, ba kiɗa, ba wasa. Wayar salula ta rage zafin abin, ana jin murya, ana aiko kuɗi. Kuɗin yana sayen hatsi da magani. Amma kuɗi ba ya zama a tabarma ya yi hira, kuma ba ya ɗaukar damin kalumbo ya hau tudu.

Abin kamar igiya ne mai zarge. Rairayi ya ci gona, saurayi ya tafi. Da ya tafi, babu mai yin shinge. Da babu shinge, rairayi ya ƙara ci, ƙanensa ma ya tafi. Shi ya sa a wurare da yawa mata ne ke ɗaure tuddai. Su ke ɗauko rassa a ka, su ke renon itatuwa, su ke ban ruwa.

Maƙwabta na nesa

Ba ƙauyuka kaɗai ke maƙwabtaka ba, ƙasashen duniya ma haka suke, don iska ɗaya suke shaƙa. Masana'antu, da motoci, da injunan wutar lantarki suna ƙona kwal da fetur da gas. Hayaƙinsu yana ɗauke da wata iska da ake kira karbon. Ita ce ke taruwa a sama, tana riƙe zafin rana kamar bargo. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa yau, zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1. A ido kaɗan ne. A jikin damina kuwa da yawa ne. Masana sun gano cewa sauyin zafin ruwan teku, da hayaƙin masana'antun Turai da Amurka, suna da hannu cikin farin 1973 da na 1984. Wato ba gatarin talaka da akuyarsa kaɗai ke da laifi ba, kamar yadda aka daɗe ana faɗi.

Tun wajen 1990 ruwa ya ɗan dawo a Sahel, amma ya sake hali. Yakan makara, ko ya ɗauke tsakiyar damina, sannan ya zubo gaba ɗaya kamar da bakin ƙwarya. A 2024 ambaliya ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya a Nijar. A watan Satumba na shekarar, tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram ya rushe saboda ruwa.

Nijar kuwa tana cikin ƙasashen da hayaƙinsu ya fi ƙaranci a duniya. Karbon ɗin da mutum ɗaya yake fitarwa a Amurka ya fi na ƴan Nijar 100. Ke nan ƙasashe masu arziki sun zama kamar mai gonar da ke bisa iska. An yi taruka da yawa don a yi sulhu. A 1994 aka sa hannu a yarjejeniyar yaƙi da hamada. A 2009, a birnin Kopenhagen, ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin ba da dalar Amurka biliyan 100 kowace shekara, daga 2020, don taimakon ƙasashe matalauta. Ba su cika adadin ba sai a 2022. A 2015, a Paris, kusan dukan ƙasashen duniya suka yarda su rage hayaƙi. Amurka ta fita daga yarjejeniyar a 2020, ta dawo a 2021, a 2025 kuma shugabanta ya sake ba da umurnin fita. Bambancin wannan da rigimar ƙauye shi ne, a nan babu bulaman da zai kira mai laifi ya zaunar da shi.

Abin da hukuma ta yi

Nijar ba ta zauna jiran na nesa ba. A 1975 aka mai da ranar 3 ga Agusta, ranar samun mulkin kai, ta zama kuma ranar dashen itace. A 1984 aka yi babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada. A jihohin Maraɗi da Damagaram kuma manoma da kansu suka kama wata dabara, sassaben zamani: maimakon a share gona ƙal, sai a bar tohon gawo da sauran itatuwa, a gyara su, su girma. An ƙiyasta cewa itatuwa kamar miliyan 200 sun tashi ta haka. A 2004 aka yi sabuwar dokar daji. A 2007 ƙasashen Afirka suka amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, daga Senegal zuwa Jibuti, kamar kilomita 8000. Burin shi ne a gyara hekta miliyan 100 kafin 2030. Rahoton 2020 ya nuna cewa abin da aka gyara a kan layin bai wuce kamar hekta miliyan 4 ba.

A ƙasar Gure da Maine-Sorowa, a wajen 2010, aka buɗe wani shiri na musamman mai suna PLECO don kare kwaruruka daga rairayi, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. A irin waɗannan shirye-shirye ana biyan masu aiki da kuɗi ko da abinci. Wannan yana da amfani biyu: tudu ya ɗauru, wasu samari kuma su fasa tafiya a wannan rani, tsofaffi su sami masu ɗebe musu kewa.

Wuyar tana zuwa ranar da shirin ya ƙare, motocinsa suka tafi, aka daina biyan mai gadi. A lokacin tudun ya yi kore, ciyawa ta kai gwiwa, ga rani, ga bisashe da yunwa. Sai tambaya ta taso: ciyawar nan ta wa ce? Masu aikin suna cewa tasu ce, su suka sha rana. Mai gonar da ke gefe yana cewa tudun na kakansa ne. Makiyayi yana cewa tun kafin a yi shinge, nan ne hanyarsa. A ƙauyukan da ba a zauna aka yanke wannan magana tun farko ba, shekara kaɗan sai a ga shinge ya ɓalle, tudu ya sake yin fari. A inda aka zauna kuwa, da manoma da makiyaya da mata, akan kafa kwamiti. Ba a sakin bisashe a ciki. Ana yankar ciyawa da lauje, a bar tushe, a ɗaure dami-dami, a sayar wa mai so, baƙo ko ɗan gari, kuɗi ɗaya. Daga cikin kuɗin ake biyan mai gadi, a kuma ɗinke shingen da iska ta yaga kafin hunturu ya kama.